Homa mai ƙulli da kifin kogin Tay

A kogunan Sikotlan yau, cikin kowane salmon 10 da aka kama da fatsa, fiye da 9 ruwa ake mayar da su. Wanda ya tashi a inda kifi in ya shiga hannu sai tukunya, maganar nan tana yi masa wuyar shiga kai, kuma ni ma ta daɗe ba ta zauna mini ba. Mutum ya biya kuɗin izini, ya shiga ruwan sanyi har ƙugu tun da sassafe, ya yi ta jifa, in Allah ya nufa kifi ya ci ya sha fama da shi, sannan ya sunkuya ya zare ƙugiya ya sallame shi. Sai wanda ya san rayuwar wannan kifi zai gane dalili.

A cikin tsakuwar ƙoramu ake ƙyanƙyasarsa. Wajen Nuwamba ko Disamba uwar takan haƙa rami da wutsiyarta, ta zuba ƙwai, namiji ya bi ya barbare, ta tura tsakuwa ta rufe. Ɗan kifin yakan yi shekara 2 ko 3 a ruwan daɗi, bai wuce tsawon tafin hannu ba, sai jikinsa ya koma launin azurfa ya gangara teku. Wasu sukan kai wajen tsibiran Faro, wasu har yammacin Girinlan. Bayan shekara 1, ko 2, ko 3, sai ya juyo, ya bi ƙamshin ruwa har ya gano kogin da aka haife shi. Da zarar ya bar ruwan gishiri kuwa ya daina cin abinci ke nan. Kitsen da ya tara a teku shi zai ci gaba da ƙonawa wata da watanni, yana haura gangara, yana tsallake duwatsu, har ranar zuba ƙwai. Saboda haka kifin da fatsa ta kama a watan Satumba guzurinsa ƙididdigagge ne, duk ƙarfin da aka sa ya ɓarnatar ba shi da inda zai mayar da shi.

Ga shi kuma suna raguwa. A Disamban 2023 ƙungiyar IUCN, mai ajiye jerin halittun da ke fuskantar barazana, ta sa salmon na Birtaniya cikin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa. Tun kafin nan hukumomin Sikotlan sun fara ɗaure igiya. Tun 2002 aka haramta sayar da salmon ɗin da aka kama da fatsa. Duk wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu dole a sake shi. Daga 2016 kuma aka riƙa kasa koguna aji uku kowace shekara, kogin da ya faɗa aji na uku ba a kashe ko ɗaya a cikinsa. Mutanen kogin Dee ma ba su jira doka ba, tun 1994 suka ɗauki tsarin kamawa da saki.

Da can ba haka abin yake ba. Ranar 7 ga Oktoban 1922 Georgina Ballantine ta kama salmon mai nauyin kilo 29 a kogin Tay, kusa da ƙauyen Caputh, bayan ta yi kusan awa 2 tana ja da shi. Har yau babu wanda ya kama irinsa da fatsa a Birtaniya. Mahaifinta, wanda aikinsa ke nan raka masu kamun kifi a wannan yanki, shi ya caka masa ƙaton ƙarfe mai lanƙwasa ya jawo shi cikin kwalekwale, daga baya aka kai naman asibitin Perth aka ciyar da majinyata. Kayan aikin wancan zamani duk don kifin da zai mutu aka ƙera su: ƙarfen caka, zarge na waya da ake maƙale wutsiya da shi, da homa ta zare mai ƙulli. Ba wanda ya damu da ɓawon kifin da za a yanka da yamma. Homar da na saya daga wancan zamanin ta fito, kuma da ita na yi ɓarnar da ta sa nake wannan rubutu.

Lokacin ina zaune a Dundee, inda Tay yake shiga teku. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya, ɗan wata ƙungiyar masu fatsa da ke da izini a wani reshen kogin. Shi ya koya mini jifa, ya koya mini gane inda kifi yake kwanciya a bayan dutse, ya gaya mini ba a kamun salmon ranar Lahadi a ƙasarsu. A kan sanda na tambaye shi, a kan kwarkwaron naɗe igiya na tambaye shi, a kan wandon robar shiga ruwa ma sai da ya raka ni shago. Homa ce kaɗai ban tambaya ba. Gani nake raga ai raga ce, me za a koya mini a kanta? Wata Lahadi a kasuwar gwanjo, inda mutane ke baza tsofaffin kaya a bayan motocinsu, na ga wata mai mariƙin katako, bakinta mai kusurwa uku yana naɗewa, zarenta kore mai tauri, ƙulli a kowace mahaɗa. Ta burge ni don ta tuna mini da homar da masunta ke rugawa da ita cikin Matan Fada ranar bikin Argungu, saƙa ce da idona ya saba da ita. Kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Na jefa ta bayan mota ina murna na yi sa'a. Araha dai ba ta ado.

Ranar da abin ya faru ƙarshen Satumba ne, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, kogi ya ɗan hau ya fara sauka, irin yanayin da masu salmon ke jira. Dattijon ya ɗauko tasa homar, babba mai zagayayyen baki, zai rataya a baya. Ni ne na ce masa ya bar ta a mota, kada ya wahalar da bayansa, ai ina da tawa. Ya yarda da ni, bai ce in nuna masa ba. Wannan maganar tawa ita ce ta fi ci mini rai har yanzu, domin ba kawai na zo da mugun kaya ba ne, na kuma raba mutumin da nasa mai kyau.

Wajen la'asar kifi ya ci a fatsarsa. Da ya yi tsalle na farko dattijon ya ce mace ce, ya gane ta da ƙanƙantar kai da cikar ciki, jikinta ya fara duhu alamar ta daɗe a kogi. Za ta kai kilo 5 ko 6. Ya riƙa jan ta da ƙarfi don kada faɗan ya yi tsawo, ni kuma na buɗe homa na shiga ruwa zuwa gwiwa, ƙirjina yana bugawa. Ta matso kusa, na ga bayanta. Ya ce, “Tukuna, ɗana, ba ta gaji ba. Nutsa homar ka tsaya cik.” Na ji shi sarai. Amma da na ga ta juya za ta koma tsakiya, sai tsoron kada ta kuɓuce ya rufe mini ido, na kai mata sura ta baya.

Wutsiya ce ta fara shiga. Kifi kuwa da ya ji an taɓa wutsiyarsa gaba yake zabura, kuma bakin homar bai kai faɗin da zai haɗiye ta ba. Rabinta a ciki, rabinta a waje, ta riƙa bugu. Ƙugiyar mai baki biyu ce, ɗaya a leɓenta, ɗayan ya sarƙe a zaren homa, ya zama kanta a ɗaure yake da ragar ta waje. Na rasa yadda zan yi, sai na yi abin da ya fi komai muni: na jawo duka har kan tsakuwar bakin ruwa. Nan ta yi ta birgima a busasshen dutse. Dattijon ya jefar da sandarsa, ya durƙusa, ya jiƙa hannuwansa, ya yanke igiya, ya yanke zaren homa da almakashi, ya ɗauke ta ya mayar cikin ruwa.

A lokacin na ga abin da na yi. Wutsiyarta ta tsage gida uku, inda zaren ya ratsa tsakanin ƙasusuwan. A gefen cikinta akwai layi-layi, daidai faɗin idon ragar, inda ƙulli ya kankare ɓawo. Yauƙin jikinta yana kan duwatsu, yashi ya manne mata har kusa da ido. Ya riƙe ta a ƙarƙashin ruwa, hannu ɗaya a gindin wutsiya, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, kanta yana fuskantar inda ruwa ke zuwa. Ya daɗe a haka, hannuwansa suka yi ja don sanyi. Sau da yawa in ya sassauta sai ta kife gefe, ya sake tallabo ta. Da ƙyar ta iya tsayuwa, ta sulale a hankali zuwa zurfi.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki homar, ya goga babban yatsansa a kan ƙullin, ya nuna mini ɓawon da ya maƙale a ciki, sannan ya ce in goga a bayan hannuna in ji. Na goga, ya yi mini jan layi a fata. Ya gaya mini cewa tun 2007 dokar Sikotlan ta hana irin wannan raga, tare da ƙarfen caka da zargen wutsiya, homar da aka yarda da ita sai wadda ba ta da ƙulli kuma ba ta ƙarfe ba. Ashe har doka na taka. Ya ce shi ma da laifinsa da bai duba ba. Ban karɓi wannan ba, don ni na san abin da ya hana ni tambaya. Girman kai ne, na ɗan ƙasar da ake su da raga, wanda yake ganin a wannan fanni ɗaya dai ba sai Bature ya koya masa ba.

Yauƙin nan da na bari a kan dutse shi ne garkuwar kifi. Shi ke tare ƙwayoyin cuta, shi ke taimaka masa daidaita gishirin jikinsa da ruwan da yake ciki. Inda aka goge shi, ko aka cire ɓawo, nan wata fumfuna ta ruwa da ake kira Saprolegnia take samun ƙofa. Takan fito fari-fari a kai da baya da wutsiya, ta yi ta yaɗuwa, kuma kifin da ya daina ci ba shi da ƙarfin yaƙi da ita. Macen salmon tana ɗauke da ƙwai sama da 1,000 a kowane kilo na nauyinta. Wadda na jawo kan tsakuwa tana ɗauke da dubbai, saura mata 'yan makonni ta zuba, bayan ta tsira daga teku da bakin duk abin da ke farautarta a can. Tun daga ranar, duk sanda na hango kifi mai farin tabo yana lilo a gefen ruwa cikin kaka, gabana sai ya faɗi. Addininmu ya halatta mana cin kifi, bai halatta mana wahalar da dabba a banza ba, kuma abin da na yi wahalarwa ce da ba ta ciyar da kowa ba.

Da na zauna na yi tunani sai na ga inda lissafina ya karkace tun farko. Na zuba kuɗi a sanda da kwarkwaro, kayan da ke hannuna, masu sa ni jin daɗi. Homa kuwa ita kaɗai ce a duk kayan take rungumar jikin kifin gaba ɗaya. A kogin da ake sakin kusan duk abin da aka kama, don kifin ake zaɓen homa, kuma da ita ya kamata a fara lissafin kuɗi.

Girma ne farkon abin dubawa, kuma nan mutane suka fi yin rowa, don babbar homa tana da wuyar ɗauka. Salmon ɗin da ya yi shekara 2 a teku yakan kai santimita 75 zuwa 90 a tsawo. Homar da aka yi don ƙananan kifayen ƙorama ba za ta ɗauke shi ba ko da an yi dabara. Irin wadda dattijon yake ratayawa ana kiranta Gye: zoben alminiyam ne zagayayye, yana zamewa a kan sandar mariƙin, ana goya shi a baya da maɗauri wanda ake ɓalle shi da hannu ɗaya. In an ja, zoben ya gangara ƙarshen sanda ya kulle. Kamfanin Sharpe's na Aberdeen ya daɗe yana yin su. Faɗin baki daga inci 24 zuwa 30 ake nema, wato santimita 61 zuwa 76, kuma ni a ganina wanda zai je babban kogi irin Tay kada ya yi ƙasa da inci 27. Zobe mai tauri ya fi mai naɗewa. Mai naɗewa yana da daɗin sawa a mota, amma gabansa igiya ce kawai, ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa shi, kuma mahaɗarsa takan cije a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Sai zurfin jakar da siffarta. A samu wadda kifin zai kwanta a ciki a miƙe ko kusa da haka, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Jaka mai tsini tana naɗe kifi ta tara nauyinsa a wuri guda, ta lanƙwasa masa ƙashin baya.

A kan ragar kanta na fi daɗewa ina bincike, don rashin ƙulli kaɗai bai wadatar ba. Akwai raga marar ƙulli mai manyan idanu wadda doka ta yarda da ita, amma siririn zarenta yana shiga tsakanin ƙasusuwan wutsiya ya tsaga ta kamar yadda tawa ta yi. Mai ƙananan idanu da laushi ba ta yin haka, sai dai ita kuma ruwa yana tura ta, riƙe ta a nutse cikin gangara sai mai ƙarfin hannu, ga ƙugiya tana son sarƙewa a ciki. Wadda na tsaya a kanta ita ce ragar da aka lulluɓe zarenta da roba, mai matsakaitan idanu. Tana da santsi in ta jiƙe, ba ta kankare yauƙi, ƙugiya in ta shiga tana fita ba tare da almakashi ba. Aibinta nauyi, kuma ta fi tsada. Na yarda da nauyin. Wanda ya riga yana da zobe mai kyau ba sai ya sayi sabuwar homa ba, ana sayar da jakar ita kaɗai a sauya. Akwai kuma irin ta McLean daga Niyu Zilan, mai sikeli a cikin mariƙi, ga wanda ya matsu ya san nauyi, ya ɗaga sau ɗaya ya mayar, ba sai ya taɓa kifin ba. Tsawon mariƙi kuwa ya danganta da wuri: mai tsayawa a kan gaɓa mai tudu ko cikin kwalekwale yana son dogo, mai shiga ruwa shi kaɗai yana son wanda zai iya sarrafawa da hannu ɗaya.

Duk da haka, ko da homar dattijon ce a hannuna ranar, da na iya ɓata aikin, domin rabin laifin gaggawa ce. Mai homa ba ya bin kifi. Yakan tsaya ƙasa da mai fatsa kaɗan, inda ruwa ke da ɗan zurfi, ya nutsa zoben, ya tattare jakar da hannu don kada ruwa ya kaɗa ta gaba ta tsorata kifin, ya jira. Mai fatsa ne zai jawo kifin, kansa a sama, ya zo da shi kan zoben. Kai ne ke fara shiga. In kai da kafaɗa suka wuce, sai mai fatsa ya sassauta igiya, kifin da kansa zai nutsa cikin jaka, mai homa ya ɗaga zoben sama da ruwa kawai. Jakar tana nan cikin ruwa, kifin yana numfashi. A nan ake zare ƙugiya da ɗan hantsaki, da jiƙaƙƙen hannu. Ba a ɗaga shi ta wutsiya, ba a sa yatsa a inda yake numfashi, ba a kai shi tudu. In ana son hoto, a ɗago shi daƙiƙa kaɗan a kan ruwan a mayar. In kuma lokacin zafi ne, ruwa ya doshi digiri 20, gara a naɗe fatsa a koma gida, don a irin wannan ruwa kifi yakan mutu bayan an sake shi ko da an bi duk ƙa'ida.

Tsohuwar homar ban mayar da ita gwanjo ba, kada wani irina ya saya. Na yanke ragar na zubar. Yanzu in zan fita da wanda bai saba ba, tun a wajen mota nake cewa ya buɗe tasa mu gani, in goga ta a bayan hannu.

Akwai wani haɗari kuma da ban ma san da shi ba ranar da na sayi kayan da ban san inda ya shiga ba. Wata ƙwayar halitta ce mai suna Gyrodactylus salaris, ba ta kai milimita 1 ba, tana manne wa fatar 'ya'yan salmon tana ci. Ta shiga Norwe a shekarun 1970 tare da kifayen da aka shigo da su daga Suwidin, ta kama koguna wajen 50, a wasu ta kusa share 'ya'yan kifin kakaf. Don a kawar da ita sai da aka riƙa zuba gubar rotenone a kogi, a kashe duk kifin da ke ciki, a sake zuba iri daga baya. Har yanzu ba ta shiga Birtaniya ba, kuma tana iya rayuwa kwanaki a jikin kaya mai danshi. Homa ce ta fi kowane kaya riƙe danshi da yauƙin kifi. Shi ya sa ake buƙatar duk wanda ya yi fatsa a ƙasar waje ya tsabtace kayansa kafin ya sa su a kogin Sikotlan: ya shanya su su bushe ƙayau na kwana 2 a ɗumin da bai gaza digiri 20 ba, ko ya daskarar da su kwana guda, ko ya sa su a zafin da ya haura digiri 60 na awa ɗaya, ko ya jiƙa su a ruwan magani irin Virkon. Masu koguna da yawa sai mutum ya sa hannu a takarda cewa ya yi haka kafin su bar shi ya jefa fatsa. Ragar zare mai laushi takan yi kwanaki a bayan mota da danshi a cikinta. Mai roba ana ɗauraye ta, a karkaɗe, a rataye, kafin gari ya waye ta bushe.